Yadda ake auna wutar da ƙwayayen LED ke ci, daga ja zuwa fari

Duk wanda ya fara haɗa 'yan kayan lantarki da hannunsa sai ya yi wannan tambaya: wane launi ne ya fi shan batir? In ka tambaya a shago za a ce maka ja ba ya ci, fari da shuɗi su ne masu ci. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika ba. Abin da launi ke yankewa shi ne yawan bolt ɗin da ƙwan zai riƙe. Yawan wutar da za ta ratsa shi kuwa, wadda ake aunawa da miliyamfiya, mita kuma take rubutawa mA, kai ne mai yanke ta da resiston da ka sa, wato ɗan kayan da ke taƙaita wutar. Shi batir bai san launi ba, mA yake ƙirgawa. Shi ya sa jan ƙwan da aka haɗa da ka kan ƙarar da batir kafin farin da aka yi wa lissafi.

Bayanin nan na ƙananan ƙwayaye ne masu ƙafa biyu, na milimita 3 da 5, da igiyar LED ɗin da ake mannawa a shago ko a adaidaita sahu, sai ɗan tsokaci kan manyan ƙwayaye a gaba. Ƙwan ɗaki mai shiga wutar gida ba ya ciki, kada ka gwada komai a nan a kansa.

Kayan da za ka tanada

Mita ta dijital. Ko 'yar rawayar nan DT830 mai araha ta isa, muddin batirinta bai yi sanyi ba, domin mita mai mataccen batir ƙarya take yi.

Ƙwayaye aƙalla bibbiyu na kowane launi: ja, rawaya, kore, shuɗi da fari. Koren ka nemi iri biyu, mai duhu-duhu irin na tsohuwar rediyo da mai kaifin nan irin na fitilar ba da hannu. Za ka ga dalili a gaba.

Resisto na kwata wat, da om ake auna girmansu: om 100, 150, 220, 330, 470 da 1,000, wanda ake rubutawa 1k. In ba ka iya karanta zoben launin jikinsu ba, kada ka wahalar da kanka. Juya mita zuwa alamar Ω ka auna kowanne, ka naɗe shi a takarda ka rubuta lambarsa.

Wuta mai bolt 5. Cajar waya mai faffaɗan ramin USB da tsohuwar wayar caji da za ka yanke kanta sun wadatar. A ciki jar waya ita ce (+), baƙa ita ce (−), amma ka tabbatar da mita, don wayoyin arha ba sa bin ƙa'idar launi. Fawa bank ma yana yi, sai dai da yawansu kan kashe kansu in abin da ake ja bai taka kara ya karya ba. In ƙwanka ya mutu bayan 'yan daƙiƙu, ba haɗinka ne ya lalace ba.

Allon gwaji mai ramuka da 'yan gajerun wayoyi. In babu, murɗe ƙafafun da juna ma yana aiki, ka dai kula kada su taɓa inda bai kamata ba. Sai batirin kwabo CR2032 guda ɗaya, da biro da takarda.

Ana samun duk waɗannan wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na kasuwar Sabon Gari a Kano. Wanda ke nesa da irin wannan kasuwa ya duba matattun kaya: tocila mai caji tana da farare, tsohuwar dikoda tana da ja da kore, resisto kuma ko'ina akwai shi. Ka cire abu daga soket kafin ka buɗe shi, tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa ka bar wa masu gyara, tana riƙe wuta ko a kashe.

Mataki na 1: Gane ƙafa da launi

Doguwar ƙafa ita ce (+), gajeriya (−). In ƙwan na ciro ne an riga an datse ƙafafunsa, duba gindin gilashin, gefen da aka shafe ya miƙe shi ne (−). In ka juya shi baibai a bolt 5 ba zai kama ba, kuma galibi ba abin da zai same shi. A bolt 12 kam yana iya mutuwa, don yawancinsu ba sa jure fiye da bolt 5 ta baya.

Ƙwai mai gilashi garau ba a gane launinsa da ido. Matse batirin kwabo tsakanin ƙafafunsa na ɗan lokaci, doguwar ƙafa a fuskar da ke da rubutu. Wannan batirin kaɗai ake yi wa haka, saboda shi kansa ba ya iya ba da wuta mai yawa. In ka yi da batirin bolt 9 ko na 18650, mai cajin nan irin na cikin batirin laftof, ƙwan yana iya ƙonewa nan take.

Mataki na 2: San abin da kake sa ran gani

Kafin ka auna, ga inda kowane launi kan tsaya in ana ba shi mA 20:

Na rimot, wanda ido ba ya gani: bolt 1.2 zuwa 1.5
Ja: bolt 1.8 zuwa 2.2
Ruwan goro da rawaya: bolt 2.0 zuwa 2.2
Tsohon kore mai sirkin rawaya: bolt 2.0 zuwa 2.2
Kore mai kaifi: bolt 3.0 zuwa 3.4
Shuɗi, fari da ruwan hoda: bolt 3.0 zuwa 3.4
Shunayya irin ta duba jabun kuɗi: bolt 3.2 zuwa sama

In ka lura, ban da na rimot, gida biyu ne kawai, 'yan bolt 2 da 'yan bolt 3. Dalili shi ne launin ba daga gilashin yake ba, daga ɗan ƙwayar sinadarin da ke ciki yake fitowa, kuma hasken shuɗi ya fi na ja buƙatar ƙarfi kafin ya fito. Ka ɗauki wannan bolt kamar kuɗin ƙofa: sai an biya shi cif wuta take wucewa, canjin da ya rage kuma resisto ne ke karɓewa.

Ja shi ne babban yaya. Nick Holonyak ya yi shi a kamfanin General Electric na Amurka a 1962, rawaya da tsohon kore suka biyo baya. Shuɗi mai haske ya gagari masana shekara da shekaru, sai a 1993 Shuji Nakamura ya fitar da shi a kamfanin Nichia na Japan, bisa aikin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka share wa hanya a Nagoya. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fizis a 2014. Sinadarin da suka yi aiki da shi, wanda ake rubutawa InGaN, shi ne a cikin shuɗi da kore mai kaifi da fari. Farin ma shuɗi ne aka shafa masa wata hoda mai mayar da wani ɓangaren hasken rawaya, haɗuwarsu ta ba ido fari. Leƙa cikin farin ƙwai a kashe, za ka ga ɗigon rawayan. Saboda haka fari da shuɗi lissafinsu ɗaya ne.

Kore ne mai yaudara. Mai shago zai miƙo maka "kore" kawai, alhali tsakanin iri biyun akwai bambancin bolt guda cur. In ka yi lissafin mai kaifi ka sa wa tsohon, za ka ɗura masa wutar da ta fi ƙarfinsa. In ka yi akasin haka, mai kaifin zai samu ƙasa da abin da ka nufa. Kada ka yarda da sunan launi a kan kore, auna shi.

Mataki na 3: Haɗa ka auna

Daga (+) na caja zuwa ƙafa ɗaya ta resisto mai om 330. Ɗaya ƙafar resiston zuwa doguwar ƙafar jan ƙwai. Gajeriyar ƙafa zuwa (−). Ƙwan zai kama. Ba komai ko resiston yana gaban ƙwan ko bayansa, aikinsa ɗaya.

Sa baƙin tsinken mita a ramin COM, jan a ramin da ke da alamar V, ka juya zuwa 20 a ɓangaren bolt na batir, mai alamar miƙaƙƙen layi. Awo uku za ka yi, ka rubuta kowanne. Na farko bakin caja, don bolt 5 ɗin da aka rubuta yana iya zama 4.9 ko 5.2. Na biyu ƙafafun ƙwan. Na uku ƙafafun resiston. In ka tara na biyu da na uku dole su ba ka na farko. In ba su ba ka ba, akwai inda haɗi ya saki.

Yanzu raba bolt ɗin resisto da om ɗinsa, ka ninka da 1,000, ka samu mA. A ce caja ta ba da 5.0, jan ƙwai ya riƙe 1.9, resisto ya ɗauki 3.1. To 3.1 a raba da 330 ya ba ka mA 9.4. Zare jan ka sa shuɗi, kada ka taɓa resiston. Zai riƙe wajen 2.9, resisto ya samu 2.1, wato mA 6.4.

Tsaya ka dubi lambobin nan biyu. Da resisto ɗaya, a wuta ɗaya, jan da ake cewa ba ya ci shi ne yake jan kusan rabi fiye da shuɗi. Don ya riƙe bolt kaɗan, ya bar wa resisto da yawa, wuta ta ƙaru. Mutanen da ke sa om 220 ko 330 a kowane launi ba tare da tunani ba, jajayensu ne ke shanye musu batir ba su sani ba.

Bi sauran launukan haka ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga lambobinka sun ɗan gaza na jerin sama, saboda ba ka kai mA 20 ba, kuma bolt ɗin ƙwai kan ɗan hau in wuta ta ƙaru.

Ana iya auna mA kai tsaye: a juya mita zuwa 200m a ɓangaren amfiya (amfiya ɗaya mA 1,000 ne), a katse haɗin a wuri ɗaya, a cike giɓin da tsinkayen mita. Ni dai na fi son hanyar resisto ga mai koyo. Mita in tana kan amfiya tamkar waya ce miƙaƙƙiya. Ka manta ka ɗora ta a bakin batir, fis ɗinta ya ƙone nan take. Ramin 10A na mitocin arha ma ba shi da fis, wayar tsinken ce za ta yi zafi a hannunka.

Mataki na 4: Lissafa wat, ka ga inda wutar ke tafiya

Bolt sau mA yana ba da miliwat. Wurare biyu ne ke cin wutar, ƙwai da resisto, batir kuma shi ke biyan su duka.

A ce ka daidaita kowane launi a mA 20 a kan bolt 5. Ja mai bolt 2 yana cin miliwat 40, resistonsa yana ƙona 60. Fari mai bolt 3.2 yana cin 64, resistonsa yana ƙona 36. Jimillar kowanne 100. A nan gaskiyar mai shago take: ƙwan fari ya fi ƙwan ja ci. Amma rarar da jan ya yi ba ta koma batir ba, zafi ta zama a jikin resisto.

A bolt 12 abin ya fi muni. Jan ƙwai guda a mA 20 yana jawo miliwat 240 daga batir, 40 kacal ke shiga ƙwan, 200 na tafiya a zafi. Resisto na kwata wat iyakarsa 250, ka ga yana bakin gaɓa. Zai yi zafin da ba ka iya riƙe shi, a hankali ya yi baƙi. In dole sai ƙwai ɗaya a bolt 12, ko ka rage wutar zuwa mA 10 da resisto 1k, ko ka nemi na rabin wat.

Mataki na 5: Zaɓi resisto, kuma kada ka ce sai 20

Cire bolt ɗin ƙwai daga na batir, raba da mA ɗin da kake so, ninka da 1,000. Ja a bolt 5 a mA 20: 3 a raba da 20, sau 1,000, om 150. Fari: 1.8 a raba da 20, sau 1,000, om 90. Ba ka da mai 90, sai ka sa 100. Kullum sama ake hawa in lambar ba ta samu ba, ba a sauka. In ba ka da wanda ya dace, haɗa biyu. A jere tara su ake yi, 100 da 220 su ba ka 320. Biyu iri ɗaya gefe da gefe rabi suke bayarwa, 220 biyu su koma 110.

Wannan mA 20 da kowa ke maimaitawa iyakar da ake auna ƙwan a kai ce, ba abincin da dole sai ya ci ba. A nan ne ainihin tsimin batir yake, don haka ka yi wannan gwajin da idonka. Sa resisto 1k a bolt 5 ka bi launukan. Kore mai kaifi zai samu wajen mA 2, amma zai haska har ya dame ka. Shuɗi da fari ma za su fito sarai. Jan zamani mai gilashi garau zai yi kyau a mA 3. Tsohon kore da tsohon ja mai gilashi mai launi kuwa za su yi dishi-dishi, su sai an kai su 10 ko fiye.

Abu biyu ne suka haɗu. Sinadaran zamani sun fi tsofaffin iya mayar da wuta haske. Sannan idon ɗan Adam ya fi jin kore, ganinsa ya fi kaifi a nan, yana raguwa ta ɓangaren ja da ta ɓangaren shuɗi. Don haka in alama kawai kake so, ta nuna cewa na'ura a kunne take, kore mai kaifi a mA 1 ko 2 ya fi kowa arha, duk da yana cikin 'yan bolt 3. Ni ban ga dalilin sa shuɗi a mA 20 a abin da zai kwana a ɗaki ba, ga cin batir ga hana barci.

Ido kuma ba ya lissafi irin na mita. Ka rage wuta daga 20 zuwa 10, hasken zai ragu kusan rabi a awo, amma kai za ka ga ɗan sauƙi ne kawai ya yi. Batirinka kuwa ya ninka kwana. Fara da babban resisto kana saukowa har hasken ya ishe ka, ka tsaya nan.

Mataki na 6: In ƙwayayen sun yi yawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara launuka daban-daban gefe da gefe a kan resisto ɗaya. Ja zai kama, shuɗi ya yi shiru, mutum ya ɗauka shuɗin ya mutu. Lafiyarsa ƙalau. Jan ne ya riƙe layin a bolt 2, shuɗi bai samu nasa ba. Ko launi ɗaya ne, ba a so su yi tarayya a resisto, domin babu ƙwai biyu masu bolt daidai wa daida. Ɗaya zai fi zuƙa, ya riga mutuwa, rabonsa ya koma kan sauran, su ma su bi shi. In ka taɓa ganin tocila mai caji tana rasa ƙwayayenta ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa wannan ne. Kowane ƙwai da resistonsa, ko kowane layi da nasa.

In kana da bolt 12, jera su: gajeriyar ƙafar wannan zuwa doguwar na gaba. Wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, bolt ɗinsu ne ke taruwa. Farare 12 kowanne da resistonsa suna jan mA 240. Ka yi musu layi huɗu na uku-uku, mA 80 za su ja, haske bai canja ba. Jajaye kuwa huɗu ke shiga layi cikin sauƙi, 12 su zama layi uku, mA 60. A nan ne ƙarancin bolt ɗin ja yake zama riba ta gaske. A layi ana iya gauraya launuka, ja da kore da shuɗi, in dai jimillar bolt ɗinsu ta bar wa resisto aƙalla bolt 2.

Ga gargaɗi ga mai haɗawa a mota, adaidaita ko batirin sola. Sunansa bolt 12, amma in inji na aiki ko rana na caji yana kaiwa 13.8 har 14.4. Farare uku sun riƙe 9.6. In ka yi lissafi da 12 za ka sa om 120. Da wuta ta kai 14.4, rabon resisto ya tashi daga 2.4 zuwa kusan ninki, ƙwayayen su sha fiye da mA 30. Ba za su mutu ran nan ba, za su dinga dushewa suna komawa shuɗi-shuɗi, wata rana su fara ƙyaftawa. Yi lissafinka da 14.4. Farare uku om 270, ko 330 in shi ke hannunka. Jajaye huɗu om 330. In inji na kashe hasken zai ɗan sauka, ba laifi.

Mataki na 7: Daidaita launi da batir, ka ƙiyasta awoyi

Batirin tocila guda mai bolt 1.5 ba ya kunna ko ja. Guda biyu suna ba da bolt 3: ja da rawaya da tsohon kore za su yi aiki har batiran su kusa ƙarewa, fari da shuɗi kuwa za su fara da rauni su mutu tun da sauran wuta a ciki. Su sai guda uku.

Batirin 18650 yana cika a bolt 4.2, yana yawancin aikinsa a wajen 3.7, ana tsayar da shi a wajen 3. Yi lissafi da 4.2. Fari zai so om 56, ja om 120. Da batir ya sauko 3.6, farin ya koma wajen mA 10 daga 20, jan kuwa daga 18 zuwa 13 kawai. Shi ya sa farar fitila mai resisto kan yi haske da magariba ta yi laushi kafin tsakar dare.

Awoyi kuwa, raba mAh ɗin batir, wato adadin wutar da yake ɗauka da aka rubuta a jikinsa, da jimillar mA. Batir mai mAh 2,000 da farare biyar a mA 15 kowanne, wato 75, ya ba da awa 26 a takarda. Zubar da kashi ɗaya cikin biyar, ka sa rai da wajen 21. Kada ka gaskata 18650 da aka rubuta wa 9,000 ko makamancin haka, na ƙwarai ba sa wuce wajen 3,500. Wanda aka ciro daga batirin laftof ma ya riga ya tsufa, ɗauke shi a rabin abin da aka rubuta. Ka sa masa ɗan allon caji TP4056 mai kariya, kada ka bar ƙafafunsa su haɗe, yana iya kama wuta. Batirin bolt 9 mai kusurwa huɗu wajen mAh 500 gare shi, ƙwai ɗaya a mA 20 ya cinye shi a yini da kwana. In shi kaɗai ka samu, jera jajaye uku ko farare biyu a kansa don kada bolt ɗin ya tafi a banza.

Mataki na 8: Masu launi uku, igiya, da manyan ƙwayaye

Ƙwai mai ƙafa huɗu ƙwayaye uku ne a gida ɗaya, ja da kore da shuɗi. Resisto uku yake so, ɗaya a ƙafar kowane launi, na jan ya fi girma. In ka sa guda ɗaya a doguwar ƙafar da suka yi tarayya, ja zai danne sauran. Launi ɗaya mA 20, rawaya ja da kore ne, wato 40, fari kuma duka ukun, 60.

Igiyar bolt 12 mai ƙwayayen da ake kira 5050 guda 60 a tsawon mita ɗaya haka take. Kowane launi wajen mA 400 a mita ɗaya, fari amfiya 1.2, wato wat 14.4. Naɗin mita 5 a fari ya kai amfiya 6 a lissafi, ko da yake awo kan nuna ƙasa da haka. Mai adaidaitan da ya bar ta a launi ɗaya yana jan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya bar ta a fari. Resistocinta suna jikinta, kada ka ƙara, ka dai yanka a kan layin da aka yi wa alamar almakashi.

Igiyar WS2812B ta bolt 5, wadda ake sarrafawa da ɗan allon kwamfutar nan Arduino, kowane ƙwai ana yi masa tanadin mA 60 a cikakken fari, 20 kowane launi. Guda 30 sun kai amfiya 1.8, don haka wutarta daban, ba ta jikin allon ba, sai dai a haɗa (−) ɗinsu. Ko a kashe kowanne na lasar wajen mA 1, abin da ke da muhimmanci in batir ne. Ƙafar Arduino Uno kanta mA 20 ake so a ja daga gare ta, 40 ita ce iyakar da in an wuce ta lalace, duka ƙafafun kuma kada su haura 200. Allunan bolt 3.3 irin su ESP32 ba sa bar wa shuɗi da fari rara sosai, om 100 zai ba su wajen mA 4, ya kuma isa alama.

Ƙwan wat 1 yana son mA 350, na wat 3 kuma 700. Ja a mA 350 bai cika wat guda ba, fari ya ɗan haura. Waɗannan ba a ba su resisto na kwata wat. Ɗan allon da ke tsayar da amfiya ake sa musu, wanda 'yan kasuwa ke kira direba, a ɗaure su a farantin alminiyam. Kada ka kalle su kai tsaye, musamman shuɗi da shunayya.

Mataki na 9: Gwajin zafi kafin ka liƙe

Kafin ka kama dalma, bar haɗin a kunne rabin awa a irin wurin da zai zauna. Ƙwai in ya ɗumama bolt ɗinsa kan sauka kaɗan, wajen milibolt 2 a kowane digiri, wutar kuma ta hau, musamman in resiston ƙarami ne ko layin ya cika da ƙwayaye. Ja da rawaya sun fi shuɗi da fari rasa haske a zafi. Abin da za a rufe a roba a ajiye ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana bukatar sassauci fiye da wanda ke sararin iska.

Sake auna bolt ɗin resiston ka kwatanta da na farko. In mA ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin goma, hau resisto na gaba ko ka cire ƙwai ɗaya daga layin. Taɓa resiston da ɗan yatsa. Ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin yatsan a kai, sa biyu masu ninkin om ɗinsa gefe da gefe su raba zafin. Wajen liƙawa kuma ka bar wa ƙafar ƙwan tsawon milimita 3 ko fiye daga gilashi, kada bakin ƙarfen ya wuce daƙiƙa 3 a kanta.